Kalmar da Mesa ta hana ni

Na ji labarin da ake ba ku a gidan Adjamé, wai Baffanku Alhaji Isuhu ya kore ni ne saboda na lalata masa na'ura. Wata gwaggonku ma ta ƙara gishiri, ta ce na'urar ta kama wuta har hayaƙi ya rufe gada, motoci suka kunna fitila da rana tsaka. To ni ne uban ƙara gishiri a dangin nan, kuma ba zan zauna a ƙwace mini sana'a a kan labarina ba. Hadiza, Musbahu, ku ji daga bakin mai abin. Babu na'urar da ta lalace, babu wanda ya kore ni.

Bayan rasuwar kakanku Malam Sani, Yaya Isuhu ne ya riƙe gida da kasuwanci. Tsofaffin motoci yake shigowa da su daga Turai, irin waɗanda mutanen garin nan ke kira France au revoir, wato Faransa sai wata rana, ya sayar da wasu a nan, wasu a kora su arewa. Bironsa, wato ofishinsa, yana unguwar Treichville, kusa da tashar jirgin ruwa. Ni kuwa aikina ƙafa. Ni ke ɗaukar takardu daga wannan taga zuwa waccan, daga duwan, wato kwastan, zuwa wajen masu jirgi, in dawo a ce tambarin bai fito ba, in koma. Da za a miƙe tafiyar da na yi a cikin tashar nan a layi ɗaya, da na je Makka na dawo na sake komawa Umara. Babu mai gadin da ban san sunan ƙauyensu ba. Su ma sun san ni, don sunana Garba a garin da garba abinci ne, aceke na rogo da soyayyen kifi. Duk ƙofar da na tunkara sai wani ya tambaya ko na zo da barkono, ni kuma in ce ya ƙare a ƙofar baya. Da dariyar nan nake wucewa inda masu kwat ke tsaye suna jira.

Sai takardu suka fara komawa cikin na'ura. Abin da nake yini ina yi wa gumi, sai ka ga an danna shi an wuce wurin kafin shayi ya huce. Na ga alamar tun da nisa, shi ya sa na shiga ajin yamma a asirce, wajen wata malama Madam Aya, a saman wani kantin magani a Treichville. Ni ne tsoho a ajin, Tonton Garba take ce mini, wato Kawu Garba. Harshen ba da umarni ga na'ura take koya mana, sunansa Python, na tambayi ma'anarsa aka ce mesa. Na ce to madalla, na bar rainon takarda na koma wasa da maciji. Mesar nan ba ta da wuyar sha'ani in ka bi ta a hankali: ka raɗa wa kowane abu suna, ka gaya mata abin da za ta yi da shi, ta yi. Na ɗan iya. Ban iya kamar yadda nake faɗa a majalisa ba, amma na ɗan iya.

Wata ranar Juma'a bayan la'asar Yaya ya kira ni ɗakinsa. Bai yi doguwar shimfiɗa ba, Yaya ba ya yi. Ya ce ƙafata ba ta da sauran aiki a tashar, amma yana bukatar mutum nasa a Birnin Ƙonni, mai karɓar motocin da ake korawa can yana miƙa wa masu su. Ya ce ku da uwarku za ku zauna a gida, makaranta ba za ta tsaya ba, ni zan riƙa zuwa da salla. Ke Hadiza a shekarar kike shirin jarrabawar shiga sakandare. Kai Musbahu ko gaisuwar Hausa ba ka iya kai ta ƙarshe sai ka faɗa Faransanci, ni nake kama ka ina dawo da kai hanya kullum da safe. Na duba na ga in na tafi, zan dawo in tarar da 'ya'ya biyu masu ce mini bonjour daga nesa. A nan bakina ya riga ni. Na ce masa ai ni yanzu na'ura a tafin hannuna take, zan rubuta masa tsarin da zai san kowace mota, irinta, jirgin da ta hau, takardar da ta rage mata, har tarin da take yi in an tayar da ita. Ya dube ni irin duban da yake mini tun ina yawo ba wando.

"Akwai jirgi a hanya," ya ce. "In ya iso abin naka na aiki, ka zauna. In ba ya aiki, ka bi motocin."

Daga ranar zama ya gagare ni. In ina Adjamé sai in ji aikin na Treichville, in shiga woro-woro, tasin haɗin gwiwar nan, in haye gada. In na isa biro sai ƙarar manyan motoci ta hana ni tunani, in kwashi na'urar in komo gida. A gida kuma hayaniyar kasuwar Roxy na shigowa ta taga kamar ana gwanjon duniya a ƙarƙashin gadona. Direbobin layin suka haddace ni, har wani ya tambaye ni ko aiki na samu na gwada ƙarfin gadar. Amma aikin na tafiya. Na raɗa sunaye na yi ta raɗawa kamar limamin unguwa a watan haihuwa: jirgi, lamba, launi, mai_mota. Mesa ta karɓa duk, ba ta ce uffan ba. Na zo kan irin motoci, na rubuta berlin, ta karɓa. Na rubuta pikop, ta karɓa. Sai na zo kan doguwar motar nan mai ƙofa a baya, wadda 'yan kasuwar arewa ke so saboda tana ɗaukar iyali da buhu da rago a tafiya ɗaya. Kowa a tashar, daga ɗan duwan har mai wankin mota, break yake ce mata, haka kuma yake a rubuce a takardunta. Na rubuta break, na danna. Mesa ta tofo mini jan rubutu da Turancin Ingila, ta ƙi motsi.

Ni Turancin Ingila ban san shi ba sai na ƙwallo. Na goge layin na sake rubutawa, ta ƙi. Na ce wata alama ce na manta, na bi layukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, babu abin da ya ɓace. Na ce zafi ne, na juya mata fanka ni ina gumi. Na ce iskar teku ce ta shiga cikinta da gishiri, na kai ta wajen masu gyara a kasuwar Adjamé, suka buɗe suka hura suka ce lafiyarta ta fi tawa. Madam Aya kuwa ta tafi ƙauyensu jana'izar kawunta, kuma kun san jana'izar mutanen nan, sai mamacin ma ya gaji ya ce a tashi. Wayarta a kashe. Abin haushin, kalmar break ɗin tana fitowa a allon da wani launi daban da na sauran sunayen da na raɗa, mai kyau, kamar an yi mata lalle. Na gan shi tun ranar farko. Na ɗauka girmama ta na'urar take yi, tunda ita ce motar da ta fi fita.

Kullum Yaya in mun haɗu a ƙofar masallaci ba ya tambayar aikin, sai dai ya gaya mini inda jirgin yake. Ya bar Turai. Ya wuce Dakar. Na rame har wandona ya fara neman wani mai shi. Na daina ba da labari a majalisa, abin da ya sa mutane biyu suka zo gida duba ni da lemo.

Wata safiya ina zaune a tsakar gida da na'urar a cinya, Inna kakarku na tankaɗe a gefe, sai wata maƙwabciya ta leƙo tana tambayar ko mai kifi ya wuce. Inna ta ce ba ta da labari. Kun san Inna. Tunda aka ɗaura mata aure da Malam Sani kalmar sani ba ta sake fita daga bakinta ba, yana raye da bayan ransa. Ba ta cewa ban sani ba, sai ba ni da labari. Ba ta cewa ka sani, sai ka ji ai. Ta taɓa tsayawa gaban likita ya yi mata tambayoyi har ya gaji, ba ta furta ta ba. Don in huce haushina sai na tsokane ta, na ce Inna, kalma ce fa kamar kowace kalma, duk Hausawan duniya na faɗinta tun safe har dare.

"A bakinsu kalma ce," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "A nawa bakin tana da mai ita. Kai dai Auta ka ci gaba da kallon madubinka."

Na koma kallon madubin nawa. Kalmar na nan da lallenta. Sai na lura ba ita kaɗai ke da launin ba. Kalmomin da Madam Aya ta koya mana na umarni, irin su if da for da while, waɗanda nake rubutawa ban taɓa tambayar asalinsu ba, duk launinsu ɗaya da ita. Sunayen da ni na raɗa kuwa farare ne fes. Na sa yatsa na cire harafi ɗaya, ta koma brek. Launin ya ɗauke nan take. Na danna, Mesa ta miƙe ta yi tafiyarta kamar ba ita ta yi kwana da kwanaki tana mini taurin kai ba. Ashe break ɗin ba mota ba ce a wurinta, kalmarta ce, tana da aikin da ta ajiye mata, ni kuma na zo ina neman in ɗaura mata buhu da rago. Na tashi na rungumi Inna da garin da komai, ta buge ni da rariya.

Madam Aya ta dawo cikin makon, na ba ta labari ta yi dariya har ta zauna a kan tebur. Ta ce ta faɗa mana wannan a darasi na biyu, ranar da na makara ina ba mai gadin ƙasa labarin kada. Mots réservés ake ce musu, kalmomin da harshen ya keɓe wa kansa, ba a raɗa wa komai su. Break na nufin a katse zagaye a fita. Ta nuna mini sauran. Na ga import a ciki, kalmar da ke rubuce da manyan baƙaƙe a ƙofar biron Yaya. Na ga pass, wato sunan da muke kiran takardar shiga tashar. Har in ɗinmu na Hausa, na in ka zo in ka tafi, Mesa ta ƙwace shi. Na ce wannan ba maciji ba ne, ɗan duwan ne. Sai ta daina dariya ta tambaye ni abin da ya tayar mini da hankali sabo. Ta ce tsarin nawa ai na yi shi ne yadda mai biro zai iya ƙara sabon kan magana da kansa, tsarin kuma ya mayar da abin da aka rubuta suna a cikinsa. To ranar da Yaya ya zauna ya rubuta import fa? Ko pass? Zai mutu a hannunsa kamar yadda ya mutu a nawa. Maganin, ta ce, ɗan ƙarami ne. Akwai wani abu a cikin harshen mai suna iskeyword, kamar mai gadi, ka miƙa masa kalma ya ce maka tana da mai ita ko ba ta da. Sai in sa shi a bakin ƙofa ya duba duk sunan da aka shigar. In keɓaɓɓe ne, a liƙa masa ɗan layi a ƙarshe, break ta zama break_, Mesa ta bar shi ya wuce, mai biro kuma ya ci gaba da ganin kalmarsa a allo yadda ya rubuta ta. Na sa wa ɗan layin suna wutsiya. Kuma don ka kira mai gadin, sai ka fara rubuta import. Ashe ita ma Mesar sana'armu ɗaya.

Na dawo gida da murna na gaya wa uwarku. Tana wanke-wanke, ta tsaya da kwano a hannu ta sa na sake maimaitawa a hankali. Sannan ta tambaye ni, in ban sa mai gadin ba, me zai faru? Na ce tsarin zai riƙa mutuwa jefi-jefi, duk lokacin da aka taka ɗaya daga cikin kalmomin. Ta ce wa zai tayar da shi? Na ce ni, cikin ƙiftawar ido.

"To Baban Hadiza, ina saurin? Mai gyaran firijinmu ya taɓa gyara shi gaba ɗaya? Shekara nawa yana cin tuwonmu?"

Ba mugunta ta sa ta faɗa ba, ku take dubawa, kuma ta fi ni sanin Yaya duk da ciki ɗaya muka fito. Maganar ta bi ni gada ta dawo da ni. Na yi kwanaki ina jujjuya ta, na rubuta layukan mai gadin in goge, in sake rubutawa. Wani bi in ce ai ba ƙarya zan yi ba, shiru kawai zan yi. Wani bi in tuna jan rubutun nan da yadda ya hana ni cin abinci, in hango Yaya zaune da baƙi daga Kano a biro, abin ya mutu a gabansu, yana neman ƙaninsa a waya kamar mai neman ungozoma. Mutumin da ya biya mini sadaki ne. Na kasa haƙa masa rami a cikin ɗakinsa, ko da ramin ne zai riƙe ni kusa da ku. Ranar da aka ce jirgin ya tsaya a bakin tasha yana jiran wuri, na sa mai gadin, na gwada shi da kalmomin Mesa kaf, kowace ta fito da wutsiyarta. Na gaya wa uwarku. Ranar ta zuba mini miya fiye da kullum.

Yaya ya zauna gaban na'urar da tabarau a kan hanci, yana danna baƙaƙe da yatsa ɗaya kamar mai kashe tururuwa. Ya nemi motocin jirgin, suka fito. Ya nemi break kaɗai, suka jeru. Ya ce yana son wurin rubuta pass na kowane direba, na ce ya rubuta da kansa. Ya rubuta, tsarin ya karɓa bai ko yi tari ba. Ya rubuta import, ya karɓa. Ya yi ta jarraba shi har azahar, ya cire tabarau, ya ce ba laifi. A bakin Yaya ba laifi daidai yake da a buga maka tambura. Sai ya tambaye ni, in wani abu ya tsaya ba na nan fa? Ni kuma daɗi ya riga ya kwashe ni. Na ce Yaya, wannan abin ko akuya ka ɗaure a kujerar nan za ta tafiyar da shi, na toshe duk wata kafa, ba ya bukatar kowa.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Ka ga sai ka tafi Ƙonnin hankalinka kwance."

Na zaci wasa yake, amma Yaya bai taɓa wasa ba tun da aka yanke masa cibiya. Na tuna masa alkawarinsa. Ya ce ya yi alkawarin ne yana zaton abin zai bukaci mai tsaro, ni da bakina na ce ba ya bukata, can kuwa ana bukatar mutum. A lissafinsa bai saɓa komai ba, har yau kuma haka yake gani. Ban taɓa ce masa a'a ba tun da na yi wayo. A gidanmu ƙane ba ya faɗinta, kamar yadda ba a miƙa abu da hagu. Na duba ƙasa, na duba na'urar, na ce Yaya ka yi haƙuri, ba zan tafi ba. Bai ɗaga murya ba. Ya mayar da tabarau cikin gidansa, ya ce to, tunda na girma, Allah ya ba da sa'a.

Babu wanda ya ce in tashi daga gidan. Amma ba ka iya ƙin maganar mutum da rana ka sa hannu a kwanonsa da dare, loma ba ta wucewa. Kafin wata ya ƙare na kama mana ɗakuna biyun nan na Treichville da kuka girma a ciki, masu tagar da ke kallon bangon sito. Inna ta ƙi bin mu, ta ce ba ta barin ɗakin da Malam ya ajiye ta, kuma a can ta cika, ina zuwa gaishe ta kamar baƙo mai cire takalmi a zaure. Na ɗauki tsarin nawa na bi 'yan kasuwa biro biro, masu shinkafa, masu tayoyi, masu atamfa, ina gyara wa kowa daidai da kayansa. Shekarar farko mun sha garba har na fara jin kunyar sunana, daga baya Allah ya buɗa. Na raka ki ƙofar ɗakin jarrabawa, Hadiza. Kai kuma Musbahu, Hausar da kake karanta wannan da ita, a ɗakunan nan na ɗura maka ita cokali cokali.

Saboda haka in kun je gaishe da Baffanku, ku durƙusa yadda ya kamata, kada ku riƙe shi da komai. Muna gaisawa a suna da jana'iza, yana tambayar iyali ina tambayar kasuwa, sai kowa ya nemi takalminsa. An ce mini har yanzu da tsarin nan yake aiki, ya canja na'ura sau da yawa amma ya hana a taɓa shi. Bai taɓa kirana a kansa ba, don bai taɓa tsayawa ba. Na yi aikin da kyau, wannan ko maƙiyina ya shaida. Sai dai wani lokaci in waya ta yi ƙara da hantsi, kafin in duba sunan, nakan ji ina ma a ce akwai kalma ɗaya da ta kuɓuce wa mai gadin.